Shuɗin Fatai Ojelabi

A layin masu ɗab'i na Shomolu, in dangi suka fitar da ankon bikin binne tsohonsu, wurin Fatai Ojelabi ake kawo ƙyallen. Shi ke tsara katin gayyata da fosta a kwamfuta. Yakan ɗora ƙyallen kusa da allo, ya kanne ido ɗaya, ya yi ta motsa launi har kati da zane su fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Tun yana saurayi yake wannan aiki har furfura ta kama shi, bai taɓa yarda da na'urar auna launi ba. Cewa yake Allah ya riga ya dasa masa guda biyu a fuska. Taurin kai kam, Fatai ba a bar shi a baya ba.

Sai mutane suka fara dawo masa da aiki. Wasu suka ce shunayya suka kawo, ya buga musu shuɗi. Wata ta tsaya bakin shago tana kuka, wai fuskar mahaifinta ta fito toka-toka kamar tono shi aka yi.

Fatai ya ɗora wa allo laifi. Ya wuni a kasuwar Ikeja yana zaɓe, ya sayo mai tsada, ya yi masa rumfar baƙin kwali saboda hasken taga, ya shafe bangon shago da fenti ruwan toka. Ba ta sauya zane ba.

Rannan Rasaki, mai injin da ke buga masa aiki, abokinsa tun ƙuruciya, ya shigo da na'urar a hannu.

"Tsohon banza, rataya wannan a allon nan mu huta da zagin mutane."

"Ni za ka kawo wa kwaɗon roba ya koya mini launi?"

"Rataya dai, ba cizo yake ba."

Launuka suka yi ta giftawa a ƙarƙashinta. Da ta gama, Fatai ya buɗe farin shafi, ya fashe da dariya.

"To ga aikin kwaɗonka. Dubi yadda ya koma rawaya, sai ka ce a shayi aka tsoma shi."

Rasaki bai yi dariya ba. Ya dubi allon, ya daɗe yana duban abokinsa.

"Fari ne tas, Fatai."

A asibiti likita ya ce wa Fatai yanar ido ce ta rufe masa idon, ciwon sukari kuma ya riga ya ci jijiyar. Ko an kankare yanar, launi ba zai dawo yadda yake ba. Baƙin cikin da Fatai ya kwaso ranar bai sauke shi ba har yau.

Kullum yana buɗe shago, ya goge allon da tsumma, ya zauna. Shekaranjiya wata mata ta zo tun daga Ikorodu da hoton mahaifiyarta da ƙyallen anko.

"Baba, an ce idonka ba ya kuskure."

Fatai ya juya ƙyallen a hannu. Bai san ko shuɗi ne ko shunayya ba. Ya miƙa mata abinta.

"Yi haƙuri 'yata, allon ne ya lalace. Gwada shagon gaba."