Aji Shida a Saman Soro

Shekarar da korona ta sa aka kulle gari, makarantar su 'yata ta koma cikin waya. Tana aji shida na firamare. Shugabar makarantar ta buɗe wa iyaye guruf, ta kafa doka: ƙarfe takwas na safe kowane ɗalibi ya turo muryarsa ya ce ya halarta, sannan ya sauke darasin ranar. Wanda ya yi fashi sau biyar ba zai zauna jarrabawar fita ba, sai ya maimaita aji.

Babbar waya ɗaya ce a gidan, tawa, ba na kuma ba kowa ita. Gidanmu a Madabo yake, ginin ƙasa tun na kakanni, kaurin katangarsa sai ka shimfiɗa tabarma a kai ka yi barci har da juyi. Sabis in ya zo ƙofar zaure sallama yake yi ya koma. Na zagaya da wayar nan ko'ina, har bayan randa. A saman soro kaɗai ake samu, can kusurwa wajen indararo.

To a cikin gari namiji ba ya hawa soro haka kawai, don zai hango tsakar gidan maƙwabta. Sai ya sanar, mata sun shige ɗaki. Saboda haka kullum takwas saura kwata sai yarinyar ta ɗauki muryarta a ƙasa, ni kuma in tsaya gindin tsani in ce, "Za a hau sama!" har sau uku. Ana jina har Ƙofar Nassarawa. Sannan in hau in tura.

Bayan katangarmu gidan wata Hajiya ce, tsohuwa mai sana'ar taliyar murji, ita da surukanta mata. Da safe suke shanya. Da na yi kira sai matan su shige ɗaki, akuya ta fito ta yi karin kumallo da taliya. A mako na uku Hajiya ta yi magana ta kan katanga.

"Malam, ladanci ka koma ne?"

"Karatu muke yi, Hajiya."

"Da furfurar taka? Aji nawa ka kai?"

"Shida."

"Allah ya ba da sa'a. Amma daga gobe ba mai motsawa daga tsakar gidan nan. In kana da idon hawa, bismilla."

Ba ni da shi. Washegari na nufi bakin titi neman sabis, masu tsaron kulle suka koro ni tun ban ɗaga wayar ba. Na gwada ɗaure ta a gora in miƙa sama, saƙon ya tafi ƙarfe goma. Kwana huɗu a jere aka rubuta wa yarinyar fashi. Ta daina tambayata, sai dai ta zauna da littafinta tana kallon tsanin.

Safiya ta biyar ina tsaye a gindinsa, Hajiya ta ji motsina.

"Malam, wai ita 'yar ba ta da ƙafa ne?"

"Tana da su, har biyu."

"To wa zai ɓuya don yarinya ta hau soro? Ba ta wayar mana."

"Hajiya, in ta faɗo fa?"

"Yarinyar ko wayar?"

Na dubi wayar, na dubi yarinyar.

"Kun ji ya yi shiru ko," in ji ta, surukan suna ta dariya.

Na miƙa wayar. Yarinyar ta soke ta a ƙugu, ta haye tsanin kamar ƙadangare, ba kira ba sanarwa. Takwas saura minti biyu saƙonta ya shiga. Daga ranar a can take darasi, da tabarma da mafici, Hajiya tana leƙo ta daga ƙasa tana tambaya ko ta karya.

Daga baya iyaye suka yi ta ƙorafi, makarantar ta sassauta, ta ce a turo ko yaushe kafin la'asar. Da aka buɗe gari ma ba a rufe guruf ɗin ba, ta nan ake ba da aikin gida har yau.

Yarinyar ta zauna jarrabawarta, da fashi huɗu a rajista, ta kuma ci. Wayar ba ta faɗo ba. Sai dai tun daga lokacin, in zan yi kira, ni nake cewa a ara mini.