Gwajin Kunnen Inna Hajo a Gindin Bedi

Ranar da aka gwada kunnen Inna Hajo a gindin bishiyar bedi ba ta taɓa fita raina ba, kuma tunda ku sababbin ma'aikata kun matsa sai kun ji daga bakina, to ku gyara zama. Lokacin ina ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti a yankin Kusada, ritaya ta kusa. Ba mu da likita. Akwai incaji, wato shugaban asibitin, Malam Sani, sai ni da ke bi masa, sai masu rigakafi da mai ba da magani.

Ranar kasuwa ce, cikin damina. Da hantsi wata baƙar mota ta tsaya a ƙofa, wani mutum ya fito, shadda ta sha guga, waya biyu a hannu. Ya buɗe ƙofar baya, wata tsohuwa ta sauko tana jan mayafi. Ya ce shi Injiniya Lawal ne, a Legas yake aiki, wannan mahaifiyarsa ce, Inna Hajo, daga wani ƙauye tsakaninmu da Kankiya. Ta kurmance, zai kai ta Masar a yi mata aiki. Har an yi mata fasfo. Wani dillalin asibitocin waje ya haɗa shi da likita a can, likitan kuma ya ce kafin su taso yana son ganin mara lafiyar ta kiran bidiyo, da ma'aikacin lafiya a gefenta.

Malam Sani ya dube ni ya ce, "Hajiya Rabi, ke ce ta wajen kunne."

Abin da ya mai da ni ta wajen kunne kuwa, na taɓa ciro ƙwayar wake daga kunnen wani, shi ke nan sarautar ta bi ni.

Don waɗanda ba fanninsu ba, rashin ji iri-iri ne. Wani dauɗa ce ta toshe kunnen, a wanke a wuce wurin. Wani ciwo ne, kunne na zubar da mugunya, sai magani. Wani tsufa ne, ji ya yi rauni, sai a ba mutum 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne tana ƙara ƙarfin sauti. Na ƙarshe shi ne wanda ko wannan na'urar ba ta yi masa komai, sai tiyata, a tsaga bayan kunne a dasa wata na'ura a ciki. Wannan na ƙarshen Injiniya ya zo da shi a baki. Tsohuwa kamar wannan, a sa mata maganin barci, a tsaga mata kai a ƙasar da ba ta san kowa ba. Gaskiya abin ya tsaya mini a rai.

Na shigar da su ɗaki na leƙa kunnuwan da 'yar fitilarmu. Ba dauɗa, ba mugunya, dodon kunne lafiya lau. Na gaishe ta, ba ta ɗago ba. Duk abin da na tambaya, Injiniya da ke tsaye a kanmu shi ke amsawa.

"Kada ki wahalar da kanki, Hajiya. Shekara da shekaru in na yi mata magana ko waiwayowa ba ta yi."

Na ce a fara kai ta Katsina ko Kano a auna jin da inji, a san inda ya tsaya. Ya dube ni kamar na ce a kai ta wurin wanzami.

"Mahaifiyata ce. Abin da ya fi komai kyau shi za a yi mata."

Lokacin kira ya yi, sai ga matsalar da kowa ya sani: ba sabis a cikin asibitin. Wuri ɗaya ne waya ke kamawa, gindin bedin bakin ƙofa, inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Can muka kai benci muka zaunar da Inna Hajo, ni na riƙe wayar. Likita ya bayyana da farar riga da gilashi, yana Turanci mai gauraye da Larabci. Kafin ya gama gaisuwa an kewaye mu, har da masu hanyar kasuwa da awakinsu.

Likita ya ce Injiniya ya tsaya a bayanta don kada ta ga bakinsa, ya riƙa faɗin kalmomin da ta sani, ita kuma ta maimaita.

Injiniya ya gyara murya ya ce, "Gero."

Shiru.

"Nono."

Ko gezau. Likita ya ce a ɗaga murya. Injiniya ya cika ƙirji ya ce, "Fura!"

Wata mai fura da ke wucewa ta sauke ƙwarya ta ce, "A dama ko a ƙulla?"

Daga nan 'yan kabu-kabu suka ga tsohuwa na neman faɗuwa jarrabawa, suka ce bari su taimaka. Injiniya ya ce "Saniya," suka amsa baki ɗaya, "Saniya!" Likita ya yi murmushi ya ce madalla, ana samun ci gaba, amma me ya sa muryarta ta yi kauri haka? Na juya na zazzage su, na ce duk wanda ya sake buɗe baki sai na yi masa allurar da bai nema ba. Ana cikin haka sabis ya ɗauke, likita ya daskare a waya baki buɗe. Wani dattijo ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wanga ma da alama sai an kai shi waje."

Da sabis ya dawo, likita ya ce saura gwaji ɗaya, wanda ba uwar da za ta ji ta yi shiru. Injiniya ya faɗi sunansa, ita ta maimaita. Ya sunkuya daidai kunnenta.

"Inna, ni ne. Ki ce Lawal."

Tsohuwar nan ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta juya tana fuskantar kututturen bedi. Likita ya girgiza kai. Ya ce ga dukkan alamu jin ya tafi gaba ɗaya, su taho da ita, za a sake aunawa a can, amma su zo da shirin tiyata. Ya ce in auna jininta in rubuta.

Na mai da ita ɗaki na tura ƙofa, Injiniya na waje yana waya da dillali a kan biza. Ina ɗaura mata abin awon jini, bakina kusa da kunnenta na dama, na ce da ƙarfi don takaici, "Allah sarki baiwar Allah, haka kawai za a tsaga miki kai."

Ta ce, "Tsaga mi?"

Saura kaɗan abin awon ya faɗi daga hannuna.

"Inna, kina ji?"

"Da wanga gefen ina ji, in an ɗaga murya. Ɗayan ne ya yi nauyi."

"To duk ihun nan da aka yi, me ya hana ki amsa?"

Ta dube ni kamar ni ce mara lafiyar. "Ke ɗiyar nan, ba a nan aka haife ki ba? Na fari ne fa. In amsa mashi, a bakin hanya, gaban 'yan kabu-kabu? Har a ce in kama sunanshi?"

Sai na zauna. Kun san alkunyar ɗan fari a wurin tsofaffinmu: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, wata ko haɗa ido ba ta yi. Sunan ma ya faɗa, tunda Lawal ai na farko ke nan, amma a ƙasar Katsina in ka kira Lawal a kasuwa rabin kasuwar ne zai waiwayo. Ta ce tun yaye aka kai shi Kankiya wurin baffansa, can ya girma. Ta aika ƙannensa su gaya masa ba ta son tafiyar, duk suka ji nauyin yayansu. Na tambaye ta ko tiyatar take tsoro.

Ta ce, "Wuƙa ai lokaci guda ce. An ce mani a jirgi kujera manne take da kujera, ba wurin matsawa. Kafaɗata da tashi, har Masar?"

Na yi dariya har da hawaye, sannan na fita na gaya wa Malam Sani. Ya riƙe baki ya ce, "To ke ce ta wajen kunne, je ki gaya masa."

Na samu Injiniya jikin motarsa na kwashe komai na faɗa masa. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Sai ya sa wayoyin a aljihu yana kallon ƙasa.

Can ya ce, "Na san al'adar, Hajiya. Na ɗauka in tsufa ya zo za ta sake ta. Da ƙannena suka ce kunnenta ya yi nauyi, wallahi har daɗi na ji. Na ce ashe ba ƙi take ba, ba ta ji ne. Na ce in aka gyara kunnen, za ta yi mini magana."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Babban mutum da furfura a gemu, zai kwashi tsohuwa har Masar don ya ji ta ce masa sannu.

An fasa tafiya. Autarta ce ta raka ta Katsina, aka sa ta a ɗaki ita kaɗai, aka ɗora mata abin sauraro a kai, in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Inji ba ɗan fari ba ne, don haka ta ba shi haɗin kai. Aka ce raunin ji ne na tsufa, ba ta bukatar tiyata, aka ba ta na'urar maƙalawa.

Bayan 'yan makonni Injiniya ya kawo ta in nuna mata yadda ake canja batir da goge na'urar. Ya zauna a bencin bakin ƙofa, ita tana ciki. Na tambaye ta yaya take ji yanzu. Ta ce surutun duniya ya yi yawa, ashe kaji haka suke da baki. Shi kuma ya leƙo ya ce, "Inna, kina jina yanzu?"

Ta kau da kai kamar yadda ta saba. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai ta jawo hannuna, ta yi magana da ƙarfi yadda ko na gindin bedi zai ji.

"Ki ce ma mutumin Kankiya ya bar shan ruwan sanyi. Tun a mota nike jin ƙirjinshi na kuka. Haka ya yi yana jinjiri, wata damina, ban runtsa ba sai da ya warke."

Na juya in isar da saƙo, sai na ga ba bukata. Ya rufe fuska da hularsa. Sannan ya ce, "Hajiya, ki ce mata na ji."

Na juya na ce, "Inna, ya ce ya ji."

Ta ce, "Na ji shi."

Abin da na ɗauka daga ranar nan, a aikinmu shirun mara lafiya ba kullum ne ciwo ba. Har na bar aiki, kafin in leƙa kunnen kowace tsohuwa sai na fara tambaya: wannan da ya kawo ki, na nawa ne a cikin 'ya'yanki? In ta sunkuyar da kai, sai in ce masa ya ɗan jira a waje, amma ba na tura ƙofar duka.