Cinikin Gonar Inna a Cikin Motar Haya

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da na ji ana cinikin gonar mahaifiyata a kujerar bayan motar haya, mai saye yana zaune a jikina, gwiwarsa na gugar tawa, bai san ko ni wane ne ba.

Abin ya samo asali ne daga sayar da motata. A lokacin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, motar kuwa tsohuwa ce mai yawan laulayi, yau taya, gobe batir, jibi bakanike ya buɗe gabanta ya yi ta girgiza kai. Na ga albashina a kanta yake ƙarewa. Daga gidana a unguwar Gesse a Birnin Kebbi zuwa ofis ba wata tafiya ba ce, ga baburan kabu-kabu ko'ina, ga motocin garinmu Argungu ba sa yankewa a tasha. Sai kawai na rabu da ita, na adana kuɗin. Kuma tsakani da Allah aljihuna ya huta, don a karon farko wata ya ƙare ban ci bashin mai shago ba.

Amma fa mutane ba su huta ba. A masallaci aka fara yi mini wata irin gaisuwa, a riƙe hannuna a daɗe, a ce, "Ya haƙuri? Allah shi mayar da alheri." Sai ka ce mutuwa aka yi mini! Ni kuma ina da taurin kai, ban ga dalilin da zan tsaya ina yi wa kowa bayanin aljihuna ba.

Can Argungu ma abubuwa suka sauya. Ni ne ɗan farin Inna, kuma ita mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari har yau ba ta sake ta ba. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ni kuma in tsinta. Tun da na fara zuwa a motar haya, sai ta daina karɓar ɗan abin da nake ba ta, in na ajiye a bakin tabarma sai in tarar da shi a cikin ƙullin busasshen kifin da ta ba ni. Ga kuma ɗan kawuna, wanda yake noma mata gonarta ta fadama, ya tsiro da kiran waya ba dalili. "Yaya, ana dai zuwa ofis ko? Ba wata matsala ko?" Mutumin da a da sai zai nemi kuɗin taki yake tunawa da lambata! Nan na fara jin ƙanshin wani abu, don ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da abin ya faru ban gaya wa kowa zan zo ba. A tasha aka cusa mu a baya kamar buhunan albasa, na faɗo kusa da wani ɗan kasuwa mutumin kudu, irin waɗanda suka daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsu ta koma ta Kabawa. Mutum ne mai fara'a da son hira, shinkafa yake saye yana kaiwa garinsu. Ba mu yi nisa ba ya fara ba ni labarin cewa bana shi ma zai shiga noman rani da kansa, ya samu jinginar wata gona a fadamar Argungu, yau za a kira shaidu a ƙulla magana.

Na ce, "Allah ya sa albarka. Ta wane gefe take?"

Ya kwatanta mini. Ya ce in ka bar hanya ka gangara wajen gulbi, akwai giginya biyu da suka haɗa kai, gonar na daga gabas da su, rijiyar ban ruwanta ma sabuwa ce. Gonar Inna ce. Ni na biya kuɗin haƙa rijiyar nan.

Na daure na ce, "To, mai gona irin wannan me zai sa ya jinginar da ita?"

Ya ce, "Kai dai bari, Malam, abin tausayi. Wata tsohuwa ce. Ɗanta ma'aikaci ne a Birni, bashi ya yi mishi katutu. An ce har mota ya saida, yanzu kabu-kabu yake hawa, gidan ma saura ƙiris. Yaran zamani ke nan, su ci daɗi su bar uwa da kuka."

Wata mata a gefe ta ce, "Allah wadaran ɗa irin wanga." Direba ma ya sa baki ya tsine mini. Ni kuwa ina zaune ina cewa "amin" a hankali. Na tambaye shi ko ya ga tsohuwar da idonsa. Ya ce a'a, wani ɗan'uwanta ne yake shige da fice, shi ya karɓi kafin alƙalami. Shi ke nan, na gama yanke hukunci a zuciyata. Na ce yaron nan ya ga ba ni da mota, ya ɗauka na zama gawa, zai cinye gonar tsohuwa da sunana. Sauran tafiyar na yi ta tsara irin abin da zan yi masa.

Muna isa tashar Argungu, ga ɗan kawuna a kan babur yana jiran baƙonsa. Ɗan kasuwa ya fito yana ɗaga masa hannu, ni kuma na fito a bayansa. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube irin haka ba. Baki buɗe, ya kalle ni, ya kalli baƙon, ya rasa wanda zai fara gaisarwa.

Na ce, "Gaida baƙonka mana. Ni ne ɗan da bashi ya yi wa katutu."

Bawan Allah ɗan kasuwa ya dafe kai yana salati irin namu, yana ba ni haƙuri. Ɗan kawuna kuwa sai rantsuwa yake. "Yaya, wallahi Inna ta aike ni! Mu tai gida ka ji da kunnenka." Na ce ai ko bai faɗa ba gida za mu, kuma gaba zai shiga in bi shi a baya, kada ya riga ni ya shirya wata ƙaryar.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zube na gaishe ta, na kwashe komai na faɗa, ina jiran ta yi salati ta tashi a kan yaron. Ba ta tashi ba. Ta ture faifan gefe, ta juya wajen ɗan kawuna kamar ba na wurin.

"Hwaɗa mishi ni na sa ka. Gona tawa ta, ba ta wani ba."

Na ce, "Inna, wane bashi? Wa ya ce ana bina bashi?"

Ta ce, har yanzu da shi take magana, "Tambaye shi, mutum na lahiya lau shi sauka mota shi hau kabu-kabu? Tun damina nike kallon ƙahwahunshi da ƙura in ya shigo. Na jira shi hwaɗi, bai hwaɗi ba. Ni kuma da wane baki zan tambaya?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce tanadi nake yi, kuɗin motar suna nan ko sisi ban taɓa ba, aikina lafiya, gidana lafiya. Ba ta yarda ba. Zargin da na taho da shi daga Birni sai ya juyo kaina, ni ne yanzu ake tuhuma da ɓoye gaskiya. Sai da na yi alwala na rantse mata, sannan na ga kafaɗunta sun sauka. Na sake tambayar wanda ya fara kawo mata zancen bashi, ta ce "an ce" ne. Na kalli ɗan kawuna, shi kuma ya sami aikin kallon ƙasa. Har gobe ban san ko tausayina ne ya sa shi wannan zirga-zirga ba, ko la'adar da zai samu, shi ya sa nake gaisawa da shi ina kaffa-kaffa.

Gona dai ta tsira. Ɗan kasuwan mutumin kirki ne, aka mayar masa da kafin alƙalaminsa ya karɓa ba gardama. Na fara murna ke nan, sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli a tsumma, ta ajiye a gabana. Kuɗin saniyarta ne. Saniyar da take kiwo wajen Fulani, jikar jikar wadda uwarta ta ba ta ranar aurenta, wadda ko lokacin jinyar mahaifina ta ƙi yarda a taɓa. Na ce a tashi yanzu a nemo wanda ya saya, ko nawa ya ce zan biya.

Ta ce, "Hwaɗa mishi shi zamna. Tun ran kasuwa anka loda ta motar Legas."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ni da nake da 'ya'ya har sun fara tasawa, ranar na yi kuka a tsakar gidan nan kamar yaron goye.

Har yanzu ba ni da mota, kuma duk wanda ya tambaye ni ko zama babu ita yana rage kashe kuɗi, ina ce masa ƙwarai kuwa. Sai dai ina ƙara masa da abin da na koya da tsada: kafin ka sauke wani abu daga rayuwarka, je ka zauna gaban waɗanda ba za su iya tambayarka ba, ka faɗa musu dalili da bakinka. In ka yi shiru, wani zai faɗa musu nasa, kuma su za su biya.