Zanin Da Na Zaro Daga Igiya

Shirun ne ya fara ba ni tsoro. Ina tsaye a layin injin niƙa a Hunkuyi, kwanon dawa a hannu, 'yar yayata tana barci a bayana, sai mai injin ya kashe shi alhali garin wata mata bai gama fita ba. Ya ja ƙofa ya rufe. Ranar da rediyo ta faɗi sakamakon zaɓe ce. Daga wajen kasuwa muka jiyo ihu yana matsowa.

Mata suka watse. Wata ta dubi bayana, ta sake duba, ta ƙara sauri. Sai a lokacin na tuna abin da na yi goyo da shi. Zanin jam'iyyar babanmu ne, irin wanda aka raba wa mata lokacin kamfe. A gidanmu ya daɗe da zama tsumma, da shi muke rufe kwando. Na zaro shi daga igiya ban duba ba, na kuma ɗage hijabina saboda zafi. Ga fuskar wanda ya ci shimfiɗe a bayan jaririya, unguwar kuwa ta waɗanda suka faɗi ce.

Samari da gorori suka ɓullo ta kwana. Sai na ji an fizgo ni cikin wani zaure. Inna ce, shugabar matan ɗaya jam'iyyar, matar abokin babanmu tun na ƙuruciya. Tun da aka fara kamfe babanmu ya hana mu taka gidanta. Ko kwanon tuwon da take aiko mana ran Juma'a ya daina zuwa.

"Ke, don gidanku, talla kike yi masa?" in ji ta. "Kwance."

Ta cusa zanin ƙarƙashin buhun masara, ta miƙo mini nata, mai fuskar mutuminsu.

"Ɗaura. Shi ma ya iya riƙon yaro."

Muna ɗaki aka buga ƙofar zaure. Na ji wani yana cewa, "Inna, an ce wata ta shigo da zanin mutanen nan."

"'Yata ce," in ji ta. "Kai, ba ni na yanke maka cibi ba? Mun faɗi, na ji. Ni na bi gida gida, ni ya fi yi wa ciwo. Amma ba a gidana ba."

Jaririyar ta motsa za ta yi kuka, na rufe mata baki da hannuna. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Har yau ina jin ɗumin numfashinta a tafina, kuma duk sanda inji ya mutu a tsakiyar niƙa, sai na shafa bayana.

Bayan la'asar muka ji sallama. Babanmu ne da mijin Inna, tare. Ashe tun azahar su biyun suke bin lungu, kowa yana kiran yaran ɓangarensa da sunan iyayensu yana kora su gida. Babanmu ya dubi zanin da ke jikina, ya kau da kai. Ya durƙusa ya gaida Inna, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar awakinta.

Ta amsa masa duka, sannan ta juyo.

"Tashi, 'yata, ƙura ta lafa. Ba mai taɓa ki. Kwanon tuwona da ke gidanku kuma a dawo mini da shi ran Juma'a."