Ruwan da Halti Mbarka Ta Hana Zubawa

Wata jami'a ta Beljiyam ta buga littafi kan shekara ashirin da biyar da ɗalibanta suka yi suna zuwa aikin sa kai a gidan marayun garinmu. Na duba shi shafi-shafi. Akwai malamai, akwai direbobi, har jakin da ke kawo itace an sa hotonsa. Mbarka kuwa, wadda ta dafa wa kowane rukuni kuskus tun daga na farko, ko sunanta babu. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa zan faɗi nata.

Mbarka gajeruwar mace ce mai faɗan tsiya, mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, ba ta sake aure ba. Yara na kiranta Halti, wato Inna da Larabcinmu. Shekarar farko ɗalibai huɗu suka zo, suka yi sati shida suna koya wa yara zane da waƙa. Ranar tafiya aka yi musu abin da muke yi wa duk matafiyin da muke so ya dawo, aka watsa ruwa a bayan motarsu. Wata 'yar shekara bakwai, Hedia, ta juye bokiti guda cur saboda ɗalibar da ke yi mata kitso.

Da shekara ta zagayo sai ga baƙin fuskoki. Ashe tsarin jami'ar ke nan, kowa sau ɗaya yake zuwa. Hedia ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba. Da Mbarka ta matsa mata, sai ta ce, "Halti, ruwana ne bai isa ba."

Daga ranar Mbarka ta rantse babu yaron da zai ƙara zuba wa wani ruwa a gidan. Duk ranar sallama sai ta kulle bokitai a sito, ta ɗaure makullin a gefen zanenta. Ba wai ta ƙi jinin ɗaliban ba ne. Tana ɗura musu abinci har su roƙe ta, tana wanke musu ciwo, tana yi musu tsiya kan Larabcinsu mai kama da kukan agwagwa. Ruwan ne dai babu.

Ana nan sai bikin shekara ashirin da biyar ya zo, manyan jami'ar suka iso da mai ɗaukar hoto. Sabon shugaban gidan, Si Lotfi, ya same ta tana murza kuskus.

"Halti, gobe yara za su zuba wa baƙi ruwa. Al'adarmu suke so su ɗauka."

"A cikinsu wa zai dawo, ɗana?"

"Haba Halti, hoto ne kawai."

"A wurinka hoto ne. Su yaran alkawari suka ɗauke shi. Kai za ka zauna da su a bakin ƙofa baɗi?"

"Kin san shekarunki sun wuce na aiki. Kawar da kai nake yi."

"To juyo da shi, kar wuyanka ya ƙage."

Ta san abin da take yi. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, ɗakin da take kwana ma na gidan ne. Amma makulli bai bar zanenta ba.

Washegari Si Lotfi ya sayo ruwan gora da kofunan roba, ya jera yara talatin da ɗaya a bakin ƙofa cikin zafin ranar Yuli. Mota ta tashi, mai hoto ya durƙusa. Yara suka juyo suna kallon Mbarka, ita kuma tana tsaye da ludayi a hannu.

"Rana ta yi zafi," in ji ta. "Ku shanye abinku."

Suka ɗaga kofuna suka shanye tas, wasu har da gyatsa. Motar ta fita a kan busasshiyar ƙasa, ɗalibai na ɗaga hannu, yara na mayar musu.

Ƙarshen watan aka sallame ta. Da safe ta fito da ƙullin kayanta a ka za ta bi motar Tajerwin, inda ƙanwarta take. Yara suka biyo ta, babbar cikinsu riƙe da butar alwala cike da ruwa. Mbarka ta tsaya ta dube ta, idonta ya kawo ƙwalla.

"Mayar da ita, 'yata. Ni ma ba zan dawo ba."