Zuhura mai fura da masu ciwon sukari na Koona

A da, kafin rana ta yi zafi Zuhura ta gama daka, ta kai ƙwaryarta gindin itacen bedin da ke bakin likitar Koona, wato asibitin garin. Fura take sayarwa, amma idonta na kan masu ciwon sukari da ke zuwa karɓar magani. Mijinta ya taɓa shan nasa bai ci komai ba, ya tafi gona, can aka tsinci gawarsa. Daga nan ta dami majo, babban ma'aikacin likitar, da tambaya har ta gane: maganin yana sauke sukari, in ciki babu abinci sai ya sauke shi ya wuce kima.

Shekarar fari, lokacin da sojoji ke rabon dawar taimako, Namadi tela ya haɗiye ƙwayar maganinsa na sukari ya shiga layi tun da safe, gidansa ko kunu babu. Wajen azahar ya fara tangaɗi, zufa ta jiƙe masa riga, yana zagin sojan da ke gabansa. Namadi, da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Sojan ya ce maye ne, ya zare bulala. Waɗanda ke wurin sun shaida mini babu namijin da ya motsa.

Zuhura ta shiga tsakaninsu da ludayin ruwan sukari.

"Ɗana, bari ya sha wanga tukuna. In bai dawo hankalinshi ba, ka haɗa da ni."

Lawali ƙanen Namadi ya riƙe mata hannu, wai sukari ne aka hana shi, kashe shi za ta yi?

"Sake ni, Lawali. Dubi hannunshi yadda yake rawa."

Namadi ya sha, ta bi shi da fura. Jim kaɗan ya ɗago yana tambayar me ya tara mutane a kansa.

Ke ce, Gwaggo Zuhura, kika koya wa matan unguwa cewa mai iya haɗiya ake ba zaƙi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, kwantar da shi ake yi ta gefe, a nemi amalanke zuwa likita. Mun gode, Allah ya saka miki.

Yanzu gwiwa ta zaunar da ita gida, ga damina ta sake yankewa bana. Makon jiya wani dattijo mai ciwon sukari ya faɗi a kasuwar Hawandawaki, aka kewaye shi ana tofa masa addu'a, mai sayar da shayi na kusa, ba wanda ya tuna da ruwan sukari. Ku je ku zauna da Zuhura, ku tambaye ta tun tana iya amsawa.