Cikina na uku a Garwa

Cikina na uku ya wuce watansa, naƙuda ta ƙi zuwa. A Garwa muke lokacin, zamanin shugaban ƙasa na farko. Maigidana mahauci ne, ya tafi Meiganga sayen shanu. Surukata ta yi ta ɗura mini ruwan karkashi wai ya saki hanya, shiru. Da na ji motsin ɗan ya ragu, yayata ta ce, "Tashi mu je asibiti."

Aka tsayar da Yaya a bakin ƙofa. Wata ungozoma ta miƙo mini man zurma a kofi, na shanye, cikina ya yi ta murɗawa. Can likita ya shigo, Bature, ɗalibai na biye da shi. Suka yaye mini zane suna Faransanci a kaina, ko sannu babu. Ban ankara ba na ji yatsunsa a bakin mahaifata, yana juyawa yana buɗawa. Na ƙwalla ƙara. Ungozomar ta ɗaka mini duka a cinya.

"Madam, me ake yi mini?" na tambaye ta.

Ta amsa da Fulatanci, wai in rufe baki. Ina jin Fulatanci sarai, kuma na san tana jin Hausa, don a kasuwa na sha ganinta tana ciniki da ita.

Suka zura mini wata roba mai kai kamar balan-balan, suka cika ta da ruwa, suka manne jelar a cinyata, suka fice. Na kwanta ina kuka, a zatona ɗan ya mutu, ciro shi za su yi. Sai bayan shekaru 'yar ƙanwata da ta karanci ungozomanci ta bayyana mini cewa bakin mahaifar ne bai yi laushi ba, ana buɗa shi kafin a sa ruwan naƙuda. Maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba! Me zai ragu a jikinsu da sun faɗa mini?

Washegari robar ta faɗo, aka sa mini ruwan naƙudar, na haifi 'ya mace lafiyayya. Kowa ya ce in gode wa Allah. Na gode masa, amma su ban gode musu ba.

Ranar suna maigida ya ware cinyar rago, ya ce a kai wa madam.

"Wallahi ba daga gidan nan ba," na ce.

"Ke, ba ita ta karɓi haihuwarki ba?"

Na ɗauki cinyar na miƙa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga.